Jinin La'asar Ba Ya Ba da Labarin Tsakar Dare

Shekara goma sha shida ke nan ina aikin jinya, amma duk ranar da aka haɗa ni da ɗalibai in koya musu karanta takardar gwajin jini, wani dare guda nake fara ba su labari. Lokacin ban fi wata takwas da kama aiki ba. An kwantar da wata dattijuwa mai shekara 74 saboda suganta ya hau, ga fitsari ya riƙe mata, har aka sa mata roba da hantsi. Da la'asar aka ɗebi jininta, sakamakon ya dawo kafin in karɓi aikin dare: fararen ƙwayoyin jini 7,800, CRP (wani furotin da ke hawa a jini in akwai kumburi a jiki) 9, zafin jikinta kuma 36.9. Na duba takardar, hankalina ya kwanta.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya 'yarta da ke jinyarta ta same ni a tebur, ta ce, "Sista, Mama fa ba haka take ba." Na tambaye ta me ta gani. Ta ce ita ma ba za ta iya cewa ga shi ba, sai dai tun ɗazu tsohuwar ke tsinkar zanin gado da yatsu, kuma sau biyu tana kiranta da sunan wata ƙanwarta da ta daɗe da rasuwa. Na je na ɗora hannu a goshinta, babu zafi. Na ce da 'yar ta kwantar da hankalinta, gwaji ya fito lafiya lau, tsufa ne da baƙon wuri. Na koma kan rabon magani.

Ƙarfe biyu saura babbar sistar da ke zagayen dare ta shigo. Ba ta buɗe fayil ba. Ta tsaya a ƙafar gadon da agogo a hannu, ta zuba wa ƙirjin tsohuwar ido minti ɗaya cur tana ƙirga numfashinta, sannan ta juyo. "Ashirin da shida. Ke nawa kika rubuta?" Sha takwas na rubuta, kuma ban ƙirga ba, abin da na ga an sa da yamma na maimaita. Ta ɗaga jakar fitsari: mililita 40 cikin awa huɗu, ga mace mai nauyin kilo 60 da ya kamata ta ba da aƙalla 30 kowace awa. Muka sake auna zafi, 35.6. Awon jininta 94 bisa 56, alhali mai hawan jini ce da ta saba zama a 150. Sista ta danna farcen yatsanta ta saki, muka tsaya jira ja ya dawo, ya ɗauki fiye da daƙiƙa huɗu. Gwiwoyinta sanyi ƙalau.

Ba ta yi mini tsawa ba. Ta ɗora yatsa a saman takardar, inda aka rubuta lokacin ɗibar jinin, ta ce, "'Yata, wannan jinin la'asar ne. Matar da ke gabanki ta tsakar dare ce. Kira likita."

Sai daga baya na gane kuskurena biyu ne a haɗe. Na ɗauka takarda tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da majinyaci, alhali kullum tana bayansa. Na kuma ɗauka waɗannan gwaje-gwajen ƙwayar cuta suke nema, alhali ba su ganin ta ko kaɗan. Abin da suke aunawa shi ne martanin da jiki ya mayar.

A bakin mutane, har da wasu ma'aikata, shigar ƙwayar cuta da kumburi kamar abu ɗaya ne. Shigar ƙwayar cuta shi ne wani baƙo, bakteriya ko bairas ko fangas ko tsutsa, ya samu hanya ya shiga jiki ya fara yaɗuwa. Kumburi kuwa aikin jiki ne da kansa, hanyar da yake bi ya kare wurin da aka taɓa, ko mene ne ya taɓa shi. Kalmar kumburi ma ta yi wa abin kaɗan, don tashin wuri ɗaya ne kawai daga alamominsa. Sunan da likitocin Turai ke kiransa da shi daga kunna wuta aka samo shi, kuma ni na fi jin daɗin yadda muke cewa ciwo ya ruru. Tun ƙarni na ɗaya wani marubucin Rum, Celsus, ya lissafa alamominsa huɗu: ja, tashi, zafi da raɗaɗi. Daga baya aka ƙara ta biyar, wato gaɓar ta kasa aikinta. Kowacce da dalilinta. Ƙananan jijiyoyin jini ne ke buɗewa jini ya kwararo wurin, shi ne jan da zafin. Bangonsu ya saki, ruwa ya tsiyaya cikin nama, shi ne tashin. Sinadaran da ake saki da matsin ruwan su taɓa jijiyoyin ji, shi ne raɗaɗin. Ga mai duhun fata jan ba ya fitowa kamar yadda hotunan littafi ke nunawa. Wurin yakan ƙara duhu ne ko ya yi sheƙi, shi ya sa nake cewa ɗalibai su yi amfani da bayan hannunsu, su kwatanta da ɗaya ɓangaren.

A 1882, a birnin Messina na Italiya, wani masani ɗan Rasha, Élie Metchnikoff, ya soka ƙaya a jikin 'ya'yan wata halittar teku masu jiki garai-garai. Da gari ya waye ya duba, sai ya ga ƙwayoyin halitta masu yawo sun yi wa ƙayar dafifi. Ina son wannan labarin domin ƙaya ce aka soka, kuma jiki ya tashi tsaye duk da haka. Haka yake yi wa wuƙar tiyata, da ƙuna, da karaya, da toshewar jijiyar zuciya, da amosanin gaɓɓai inda jiki ke faɗa da kansa. Duk waɗannan suna iya kawo zazzaɓi, su ɗaga fararen ƙwayoyin jini, su ɗaga CRP, ba tare da bakteriya ko ɗaya ba. Ɗaya gefen ya fi ba ni tsoro: ƙwayar cuta tana iya cin mutum alhali jikinsa ba shi da ƙarfin yin ihu. Tsoho, jariri sabon haihuwa, mai shan maganin ciwon daji, mai ciwon suga da ya daɗe, duk suna iya zuwa da jiki a sanyaye da takarda mai kyan gani.

Fararen ƙwayoyin jini su ne abin da ido ke fara faɗawa a takarda. A babban mutum ana sa ran 4,000 zuwa 11,000 a kowace maikurolita, ko da yake kowane ɗakin gwaji yana buga nasa iyakokin a gefe. Jimillar kaɗai ba ta faɗin komai sosai sai an sauko an ga rabon ire-irensu. Nutirofil su ne mafi yawa, su ne masu fara isa fagen daga, kuma su ke hawa in bakteriya ce. Gawarwakinsu ne ma ke zama mugunya. Limfosait sun fi tashi a cututtukan bairas. Iyosinofil in sun wuce 500, a tuna da tsutsar ciki, da asma, da maganin da jiki bai karɓa ba. Akwai kuma wani layi da mutane ke tsallakewa: nutirofil da ba su gama nuna ba, waɗanda cibiyarsu ke lanƙwashe kamar lauje ba ta rarrabu ba tukuna. In suka haura kashi 10 cikin 100, ɓargo ne ke turo yara fagen yaƙi saboda manya sun ƙare, ko da jimillar tana zaune a tsakiyar iyaka.

Jinin da muka ɗiba daga tsohuwar nan ƙarfe biyu ya dawo da 3,100. Da a ce ni kaɗai ce a lokacin, wataƙila in ce ai ga shi ma sun sauka. Ƙasa da 4,000 a jikin mai irin wannan hali ya fi 20,000 muni, don yana nufin ana cinye su fiye da yadda ɓargo ke iya kawowa. Washegari, bayan magani ya fara aiki, suka tashi zuwa 19,000, likita ya ce wannan ne labari mai daɗi.

Haka kuma na sha ganin an tayar da hankali a kan 16,000 ga mai asma da aka ba sitiroyid kwana biyu. Maganin ne ke sa nutirofil da ke maƙale a bangon jijiyoyi su saki su shiga cikin jini, sai a ƙirga su da yawa. Juna biyu, naƙuda, farfaɗiya, motsa jiki mai tsanani, duk suna ɗaga su. A ɗaya hannun, mutane da yawa 'yan asalin Afirka nutirofil ɗinsu a ƙasa yake zama tun haihuwa, saboda wani bambanci na gado a jajayen ƙwayoyin jini da ake kira Duffy, kuma lafiyarsu ƙalau. Shi ya sa tambayata ta farko in an miƙo mini takarda ita ce: ina ta baya? Wuri ɗaya ne ba na jiran kowace takarda. Mai karɓar maganin ciwon daji in ya yi zazzaɓi 38.3, ana ɗaukarsa a matsayin wanda nutirofil ɗinsa suka faɗi ƙasa da 500 har sai an tabbatar ba haka ba ne, kuma ana so antibayotik ya shiga jijiyarsa cikin awa ɗaya. Irinsu ba sa yin mugunya, ciwonsu ba ya ruruwa, saboda masu yin aikin ba sa nan.

CRP ne gwajin da na fi so, kuma shi ne ya yaudare ni a daren nan. A 1930 William Tillett da Thomas Francis suka gano shi a Cibiyar Rockefeller da ke Amurka, a jinin masu nimoniya. Hanta ce ke yin sa, in saƙon wani sinadari mai suna IL-6 ya iso mata daga inda ake faɗa. A lafiyayye bai cika wuce miligiram 5 a lita ba, amma yana iya haura 300. Abin da ya kamata kowace nas ta haddace shi ne agogonsa. Sai bayan awa 6 zuwa 8 yake fara motsi. Ba ya kai ƙololuwa sai wajen kwana biyu. In abin da ya tayar da shi ya kau, yana raguwa da rabi kusan kowace awa 19. To ƙwayar cutar da ta bi robar fitsari ta shiga jinin tsohuwar nan da yamma ba yadda za a yi ta bayyana a jinin ƙarfe huɗu. Ƙarfe biyun dare ya zama 48. Kwana biyu bayan nan ya kai 260, kuma a ranar tana zaune a bakin gado tana tambayar jikokinta ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. A daren da take bakin mutuwa takarda ta ce 9 da 48, ranar da ta farfaɗo takarda ta ce 260.

Na yi shekaru a ɗakin masu tiyata, a can na ga ɗaya fuskarsa. Wani saurayi da aka yi wa aikin hanji, kwana biyu da tiyata CRP ɗinsa 160. Yayansa ya karanta takardar ya zo mini a ruɗe, wai a canza magani. Na kai shi bakin gadon na ce ya dubi ƙanensa: yana takawa zuwa banɗaki, bugun zuciyarsa 82, cikinsa a sake, ɗinkin a bushe. Wuƙa ce ta jawo wannan lambar, kuma haka ake sa rai a rana ta biyu da ta uku. Abin da nake jira shi ne rana ta huɗu da ta biyar. In ya ƙi sauka, ko ya fara sauka ya sake juyawa sama, musamman in bugun zuciya ya ƙaru kuma majinyaci ya daina sha'awar komai, to ruwa ba ya tsami banza: a nemi ɗinkin hanji da ya saki, ko mugunya da ta taru a ciki, ko huhu. Na saurayin nan ya sauka 70 a rana ta huɗu. Lamba ɗaya tilo ba ta nuna inda aka dosa, sai an jera ta da 'yan'uwanta. A kuma riƙe cewa wanda hantarsa ta lalace sosai ba zai iya yin CRP mai yawa ba, haka mai karɓar maganin da ke toshe IL-6, irin tocilizumab.

Wani gwajin kumburin, ESR, tsoho ne, kuma a hankali yake tafiya. Edmund Biernacki na ƙasar Folan ya bayyana shi a 1897, hanyar Westergren ta Suwidin kuma ta zo a 1921, har yau ita ake bi: a tsayar da jini a siririn bututu, a auna milimita nawa jajayen ƙwayoyi suka nutse cikin awa ɗaya. Kumburi yana ƙara wasu furotin a jini da ke sa su jeru su manne kamar an tara kwabbai, sai su yi saurin nutsewa. Yana ɗaukar kwanaki kafin ya hau, makonni kafin ya sauka. Shekaru, juna biyu da ƙarancin jini duk suna ɗaga shi, a mai sikila kuwa yakan zauna ƙasa saboda ƙwayoyin ba sa jeruwa. Yana da amfani a ciwon da ya daɗe, kamar tarin fuka ko ciwon ƙashi ko amosanin gaɓɓai. A tsakar dare ba shi da abin da zai faɗa mini.

Firokalsitonin, wani furotin da shi ma ake aunawa a jini, ya fi kusa da amsa tambayar da kowa ke yi, wato bakteriya ce ko a'a. Tun 1993 aka nuna yana hawa sosai a cutar bakteriya mai tsanani. Cikin awa 3 zuwa 4 yake tashi, kuma bairas bai cika ɗaga shi ba. Sama da 0.5 yana sa a kasa kunne. Amma babbar tiyata, ƙuna, gazawar ƙoda da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani duk suna ɗaga shi, ƙurjin da ya taru wuri ɗaya kuma yana iya barin sa a ƙasa. Ni a ganina ya fi amfani wajen sanin ranar da za a tsayar da antibayotik fiye da ranar da za a fara. Kuma tsayarwar ba ƙaramin abu ba ne. Duk CRP ɗin da ya hau aka bi shi da antibayotik ba dalili, ana koya wa ƙwayoyin cuta yadda za su bijire wa maganin ne.

Abin da ya kama tsohuwar nan shi ne sefsis. Tun 2016 ma'anar da aka tsayar ita ce: martanin jiki ga ƙwayar cuta ya fita daga kan hanya har ya fara lalata gaɓoɓin jikin da yake karewa. Buɗewar jijiyoyi da tsiyayar ruwa da ke da amfani a yatsa ɗaya, in suka game jiki duka, awon jini ya faɗi, ƙoda ta ƙafe, ƙwaƙwalwa ta rikice. Ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ambato ta ce a 2017 mutum miliyan 48.9 suka kamu, miliyan 11 suka rasu, kusan ɗaya cikin kowace mutuwa biyar a duniya. A shekarar 2016 ɗin aka fitar da wasu alamomi uku na bakin gado: numfashi 22 ko fiye a minti, lambar sama ta awon jini 100 ko ƙasa, da sauyin hankali. A 2021 an ja kunne kada a dogara da su kaɗai wajen tantancewa, don suna iya barin wasu su wuce, amma duba su: babu ɗaya da ke buƙatar allura ko ɗakin gwaji. Agogo ne, da abin awon jini, da sauraren wanda ya san majinyaci. Ɗaya daga cikinsu 'yar tsohuwar ta kawo mini har tebur tun ƙarfe goma sha ɗaya. Numfashi kuwa shi ne alamar da ta fi saurin canzawa, shi ne kuma wanda aka fi rubutawa da ka. Tun daga daren nan ban sake rubuta lambar da ban ƙirga ba, kuma ɗalibar da na ga ta sa 18 sau huɗu a jere, tare muke komawa bakin gadon.

A cikin gwaje-gwajen jini, laktet, wani sinadari da ke taruwa a jini in jiki ya shiga matsi, shi ne ke tafiya da saurin majinyaci. Sama da milimol 2 a lita alama ce naman jiki na cikin matsi, 4 kuwa gaggawa ce. Na tsohuwar 4.3 ne. Bayan ƙarin ruwa da magani ya sauko 2.1 kafin asuba, shi ne abu na farko da ya nuna mana mun kama hanya. Ƙwayoyin daskarar da jini, da ake so su zauna tsakanin 150,000 da 450,000, sun faɗo 120,000, awon da ke nuna gazawar ƙoda kuma ya hau. Waɗannan layukan na ƙasan takarda su ke faɗin ɓarnar da aka riga aka yi.

Gwaji ɗaya ne cikin duka yake neman ƙwayar cutar da kanta, wato kalca, inda ake zuba jini a kwalba a reni abin da ke ciki har ya tsiro. Kuma ingancinsa a hannunmu yake. A ɗiba kafin antibayotik ya shiga, amma kada neman jijiya ya sa a jinkirta maganin. Kwalabe bibbiyu daga wurare biyu, kowace da mililita 8 zuwa 10 ga babba, don ƙwayoyin ba su da yawa a jini, ɗan kaɗan ba zai kama su ba. A goge fata a bar ta ta bushe, kada a sake lalubar jijiyar da yatsa. Daƙiƙa talatin ɗin nan na jiran bushewa da ake ganin ɓata lokaci ne, su ke hana bakteriyar fata faɗawa kwalba ta sa a yi wa mutum kwanaki ana ɗura masa maganin da ba ya buƙata. Sauran gwaje-gwajen ma haka: jinin da aka ɗiba a hannun da ake ƙarin ruwa ya sirku, igiyar da aka ɗaure hannu da ita ta wuce minti ɗaya tana canza sakamako, jinin laktet da ya yi zaman jira a tebur yana ci gaba da hawa a cikin kwalba. Sannan a rubuta lokacin da aka ɗiba, awa da minti. Da wanda ya ɗebi jinin la'asar ɗin nan bai rubuta ba, da Sista ba ta samu inda za ta ɗora yatsa ba.

Kalcar tsohuwar ta tsirar da bakteriyar E. coli, iri ɗaya da wanda aka samu a fitsarinta. Aka cire robar, aka sauya mata zuwa maganin da gwaji ya nuna ya fi dacewa. A rana ta tara aka rubuta mata sallama. 'Yarta ta zo da takardar ƙarshe a hannu, ta nuna mini layi biyu da aka yi wa alama: CRP 14, ESR 85. Ta ce, "Sista, anya ta warke kuwa?" Na ɗauko duka takardun na jera mata su a kan tebur bisa kwanan wata, 9, 48, 260, 120, 40, 14, ta bi su da yatsa har ƙarshe. Na ce ESR ɗin zai ɗauki makonni, kada ya dame ta. Sannan na nemi gafararta a kan daren farko, na ce in ta sake ganin Mama ba haka take ba, ko babu zazzaɓi, ta dawo da ita a ranar, kuma ta faɗa wa duk wanda ta samu a tebur da kalmomin da ta faɗa mini.